Makaɗin da ba ya roƙo, wa zai ciyar da shi?

Shagon ajiye kaya ne a wani lungu na Sabon Gari, ba shi da taga, an bi bangonsa an manna kwalin ƙwai da tsofaffin katifu don kada ƙara ta dami maƙwabta. Ranar da na fara leƙawa, yau shekara uku ke nan, samari shida ne a ciki, masu kiɗan rege, zufa ta jiƙe kowa, janareto na ta kuka a bakin ƙofa. Mai ganga ɗan coci ne, ran Lahadi can yake kiɗa. Mai jitar bes tela ne a Fagge. Mai waƙar kuwa ɗan cikin gari ne, a lokacin mahaifinsa bai ma san inda yake zuwa ran Talata da Alhamis bayan la'asar ba. Waƙa ɗaya suka yi ta maimaitawa har aka kira magariba. Mai gangar ne da kansa ya ɗaga sanda ya tsayar da kiɗan, huɗu suka fita alwala, biyu suka zauna gadin kaya.

Yau yaran nan sun kai matsayin da in suka sa rana, mutane kan biya kuɗin ƙofa su shiga, kuma da kunnena na ji waƙarsu tana tashi a sifikar wani ɗan a-daidaita-sahu tun daga Bata har Kabuga. Babu kamfani a bayansu, babu furodusan fim, babu ɗan siyasa. Ba zan kama sunansu ba don ba tallarsu na zo yi ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda irin wannan abu yake yiwuwa a Kano, da kuma dalilin da ya sa yake da wuyar ɗorewa.

Rege kiɗan Jamaika ne, ya fito a ƙarshen shekarun 1960, 'yan shekaru kaɗan bayan tsibirin ya sami mulkin kai daga Ingila a 1962. Nau'in da yaran nan ke yi, wanda masu shi ke kira ruts, wato saiwa, shi ne na shekarun 1970: kiɗa mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, wanda maganarsa ba ta wuce talauci, zalunci, bauta, Afirka da Ubangiji. A unguwannin marasa galihu na birnin Kingston ya girma. Tun daga farkonsa kuma yana tare da rigimar mallaka. Masu situdiyo su ke da na'ura, su ke da hanyar kai faifai kasuwa, sai su ba mawaƙi 'yan kuɗi a hannu sau ɗaya, waƙa ta zama tasu. Ƙungiyar Abyssinians ta ɗauki wata waƙa a situdiyon Coxsone Dodd a 1969, ya ajiye ta bai fitar ba don yana ganin ba za ta sayu ba. Sai da suka tara kuɗi suka fanshi kayansu, suka fitar da ita a 1971 ƙarƙashin ɗan ƙaramin tambarinsu mai suna Clinch, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi maimaita kiɗansu a tarihin rege. Bob Marley ma tambarinsa na Tuff Gong daga irin wannan takaici ya fito. A Ingila kuwa, Misty in Roots da ke unguwar Southall ta Landan sun kafa nasu mai suna People Unite, su kuma UB40 na Birmingham sunan nasu ma daga lambar takardar karɓar tallafin marasa aikin yi suka ɗauko shi, kuma ƙaramin kamfani ne ya fitar da faifansu na farko a 1980.

Ashe a can, in an ce ƙungiya mai cin gashin kanta ce, ana nufin ta kuɓuta daga hannun kamfani. A nan ne nake ganin mutanenmu ke ruɗewa in suna kwatanta mu da su. A Kano wane kamfanin faifai ne ya taɓa ɗaure wani har da za a ce ya ƙwace? Majek Fashek da Ras Kimono da Mandators, da suka cika Najeriya da rege a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida da aka fara a 1986 ya gasa wa talaka aya a hannu, duk ta kan kamfanonin Legas suka hau. Wannan tsanin bai taɓa kafuwa sosai a Arewa ba, can ɗin ma ya daɗe da karyewa. In rashin kamfani ne 'yanci, to kowane mawaƙi a Kano ɗan 'yanci ne.

Igiyar da ke wuyan makaɗin Hausa daban ce, sunanta ubangida. Tun asali haka sana'ar take: makaɗin fada da sarkinsa, makaɗin noma da sarkin nomansa, makaɗin maza da ɗan dambensa. Ka wasa mutum, ya yi maka kyauta. Ba abin kunya ba ne, tsari ne da ya raya manyan fasihai, Shata kansa a cikinsa ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999. Zamani ya sauya iyayen gidan ne kawai. Yanzu su ne ɗan takara, da mai shirya fim, da ango da amarya da danginsu masu liƙi. Duk mawaƙin da ka gani da mota a garin nan, in ka bi sawun kuɗin za ka tarar da ɗaya daga cikin ukun nan.

To rege na saiwa ba ya kama suna don yabo. Aikinsa ke nan ya tsaya gefen wanda aka danne ya faɗi abin da ya gani. Ƙungiyar da ta zaɓi wannan kiɗa a Kano ta toshe wa kanta rijiyar da kowa ke sha tun kafin ta buga sanda ta farko. Wannan shi ne ainihin cin gashin kan, kuma ya fi na Kingston da na Landan tsada.

Na ga ranar da aka gwada su. Gab da zaɓen 2023 wani ya zo shagon da babbar riga, ya zauna kan sifika ya saurari waƙa biyu, ya ce kiɗan ya yi masa. Buƙatarsa ƙarama ce a faɗarsa: baiti biyu a sa sunan maigidansa, shi kuma zai sayo sabuwar ganga da janareto. Gangar da suke da ita a lokacin da waya aka ɗaure ƙafarta. Mai waƙar ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi mana haƙuri, mun gode ƙwarai, amma ba irin waƙarmu ba ce." Bayan baƙon ya tafi, mai fiyano, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya ce, "Yaya, ka san dai halin da nake ciki." Ba wanda ya amsa masa. Tela ne daga baya ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, in suka karɓa yau, gobe da wane baki za su yi waƙar ruwan famfo da ba ya zuwa? Mai fiyanon ya yi wata biyu bai zo ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma duk mai yi wa irin waɗannan yara kirarin jarumta ya kamata ya tuna cewa akwai wanda ya biya kuɗin jarumtar daga tukunyar gidansa.

Sai kuma lissafin baki shida. Waƙar zamani ta Hausa, tun daga lokacin da fim ɗin Hausa ya bunƙasa a shekarun 1990, kan fiyano aka gina ta. Mutum ɗaya da Yamaha da kwamfuta a wani ɗaki a titin Gidan Zoo zai haɗa maka ganga da sarewa da goge duk da yatsunsa, kafin dare waƙa ta fito. Ran biki mawaƙi ya zo da waƙarsa a waya, mai kayan sauti ya saka, ya riƙe makirfo yana bi. Kuɗin nasa ne shi kaɗai. Ƙungiya kuwa kuɗin da za a ba mutum ɗaya shi za ta raba shida, bayan an cire na motar ɗaukar kaya, da na man janareton da aka ƙona wajen atisaye, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama abin da ake auna shi da gora. Igiyar jita daga waje take zuwa, fatar ganga haka, duk da dala ake lissafinsu.

Mai karatu zai ce, to me ya hana su su ma su koma fiyano? Amsar tana cikin yadda kiɗan yake. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A yawancin kiɗan da muka saba ji, kan ɗaya ake sauke nauyi. A salon rege da aka fi saninsa da shi, wanda Carlton Barrett mai gangar Marley ya yi fice a kai, ɗayan nan a wofi ake barinsa, sai a uku babbar ganga ta faɗo. Jita tana sara a biyu da huɗu, gajeren sara kamar na mai faskare. Bes kuma, wanda a wasu kaɗe-kaɗen ɗan rakiya ne, a nan shi ke jan ragamar waƙar, yana magana yana yin shiru. Daɗin abin duk yana cikin ɗan jinkirin da ke tsakanin mai ganga da mai bes, wannan ya ɗan ja baya kaɗan, wancan ya jira shi. Na'ura daidai take bugawa, ba ta san jira ba. Mutum biyu kuwa sai sun shekara suna zufa a ɗaki ɗaya kafin kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Shi ya sa wannan kiɗa ba ya yiwuwa da 'yan haya da aka tara ran wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan ba ta son baƙon hannu.

Akwai kuma bangon da ba na kuɗi ba. A idon mutanen gari da yawa, rege na nufin tarin gashi da tabar wiwi. Ba daga sama zargin ya faɗo ba. Kiɗan ya tashi ne a hannun 'yan Rasta, waɗanda da yawansu ke ɗaukar Sarkin Habasha Haile Selassie, da aka naɗa a 1930, a matsayin da Musulmi ba zai taɓa ba ɗan Adam ba, wasunsu kuma suna ɗaukar shan wiwi ibada. A garin da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001 wadda huruminta ya haɗa da mawaƙa, ga kuma Hisba, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Ko ba hukuma, akwai uba, akwai surukai, akwai limamin unguwa. Ɗan Kano da ya ce zai yi rege dole ya zauna ya tantance abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

A nan ne na ga da yawa sun faɗi. Tun muna yara akwai masu gwada rege a garin nan. Sai ka ga yaro ɗan Gwammaja ya ɗaura jan ƙyalle da ruwan ɗorawa da kore, yana karya harshe da Turancin Jamaika wanda shi kansa bai gama ganewa ba, yana kiran Babila da Sihiyona. Wa yake yi wa? Ɗan Jamaika ya fi shi iyawa, ɗan Kano kuma bai san me yake cewa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Kiɗan da sunansa saiwa, in ka kawo shi da saiwar wani, ganye kawai ka kawo.

Waɗanda suka gane wannan a Afirka su ne suka ɗore. Alpha Blondy na Kodebuwa da harshen Jula ya shiga zukatan mutanensa tun farkon shekarun 1980. Tiken Jah Fakoly, ɗan garin Odienne daga gidan Musulmi, shi ma da Jula da Faransanci yake yi, ya shigo da molo da kora na ƙasarsu cikin kiɗan, kuma maganar da yake faɗa wa masu mulki ta kai har sai da ya bar ƙasarsa ya koma Bamako a 2003. Lucky Dube na Afirka ta Kudu, wanda har yau direbobin tasha ba su daina saka shi ba duk da an kashe shi tun 2007, da waƙar Zulu ya fara, kuma wariyar launin fatar ƙasarsa ita ce abin da ya ba regensa nauyi. Ba wanda ya zama ɗan Jamaika a cikinsu.

Mu kuwa a Kano ba sai mun je neman saiwa nesa ba, abin da ke ba ni haushi ke nan in na ga ana aro. A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agustan 1950. A garin nan kalmar talaka ta tashi daga sunan raini ta zama tuta a hannun Malam Aminu Kano. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da baiti suka yi yaƙi, mutane suka haddace suna rerawa a ɓoye da sarari, wasu suka sha ɗauri a kai. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa ƙananan masu sana'a waƙa, mutanen da ba su da abin ba shi. Ga waƙoƙin wa'azi da na bege da kowane ɗan gari ya tashi da su a kunne, masu cewa duniya ba wurin zama ba ce kuma azzalumi zai tsaya gaban Mai Sama. Duk abin da rege na saiwa ke faɗa, Hausa ta riga ta faɗe shi da muryarta. Abin da ya rage shi ne a ɗora shi kan wancan bes ɗin.

Ɗorawar kuma aiki ce, ba a baki take ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. Ka ja gaɓar da ba ta jawuwa don ta dace da sarar jita, sai kalma ta koma wata, mai sauraro ya yi tsaki. Bahaushe kuma kalma yake bi kafin kiɗa, in maganar ba ta zauna ba, ko wane irin gwani ne mai gangar, an tashi. Na zauna na ga mai waƙar nan ya kwashe yamma guda kan layi ɗaya game da layin jarkoki a bakin rijiyar burtsatse, yana sauya kalma yana mayarwa, har tela ya rage bugu biyu daga bes ɗinsa don maganar ta sami wurin sauka. A ranar na gane wata fa'ida da ban taɓa lura da ita ba: gurbin nan da rege ke bari a wofi ya dace da karin magana ƙwarai. Karin magana na son a faɗi rabi a ɗan dakata, mai ji ya ƙarasa a ransa. Kiɗan fiyano mai sauri ba ya ba da wannan sarari.

Daga lokacin da suka koma Hausa zalla ne abin ya fara motsi. Ba intanet ce ta fara ɗaga su ba, ko da yake suna da shafi a YouTube da Audiomack kamar kowa, kuma abin da ke shigowa daga can bai taka kara ya karya ba. Masu tura waƙa a waya ne, irin na kasuwar Farm Centre da bakin tasha, waɗanda mawaƙa ke kuka da su don ba sa biyan ko sisi. Yaran da ƙafarsu suka kai musu waƙoƙin kyauta. Ina da ja a kan wannan, don gumin mutum bai kamata ya zama na banza ba, ga shi ma an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Amma na fahimci lissafinsu: waƙar da ke cikin wayar ɗan a-daidaita-sahu tana zaga gari sau goma a rana, fasinja na ji ko ya so ko bai so ba, cikin ɗari wani zai tambayi su wane ne. Wanda ya tambaya shi ne mai biyan kuɗin ƙofa gobe. Kuɗin ƙofar nan, komai ƙanƙantarsa, shi ne kaɗai kuɗin da ba ya zuwa da sharaɗi. Mutum ɗari biyu da kowa ya ba da kaɗan ba mai iya cewa a sa sunansa a baiti.

Matsalar ita ce wurin da za a kafa ƙofar. Kano, da duk girmanta, ba ta da ɗakunan kiɗa matsakaita inda ƙungiya za ta riƙa wasa duk mako, magidanci ya zo da iyalinsa ba tare da an yi masa wani kallo ba. Ko dai wuraren shaƙatawa na Sabon Gari, inda rabin masu son waƙar ba za su taka ba, ko manyan ɗakunan biki da kuɗin hayarsu ya fi ƙarfin ƙungiya. Su dai sun samu wani fili mai katanga suna yi da la'asar, a tashi kafin isha, ba a sayar da komai sai zoɓo da ruwa. Wannan dabara ce ta jawo musu ɗalibai da mata da dattawan da suka yi samartaka da kaset ɗin Marley. A can na ga mahaifin mai waƙar, karo na farko, zaune a kujerar baya da carbinsa. Da aka tashi ɗan ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, sannu da zuwa." Tsohon ya ce, "Wannan ta ruwan, kai ka rubuta?" Ya ce shi ne. Ya gyaɗa kai, ya ce a gaida abokan nasa.

Abin da nake jin tsoro yanzu ba talauci ba ne, sun saba da shi. Nasara nake tsoro. Ƙungiya in ta fara haske, idon duniya kan mutum ɗaya yake sauka, mai riƙe da makirfo. Wailers, ƙungiyar su Marley, su uku ne jagorori, amma bayan kamfanin Island ya fitar da su duniya a 1973, ba a rufa shekara biyu ba Peter Tosh da Bunny Wailer suka kama gabansu, sunan ya koma na Marley da 'yan rakiyarsa. Majek Fashek daga ƙungiyar Jastix ya fito, yau mutum nawa ne za su iya kawo sunan sauran? A Kano jarabar ta fi haka sauƙin shiga, don ba sai kamfani ya zo daga Landan ba. Ya isa wani mai situdiyo ya ja mai waƙar gefe ya ce masa, muryarka ake so, me za ka yi da mutum biyar, zo in buga maka a fiyano mu raba biyu. An riga an faɗa masa hakan, ba sau ɗaya ba.

Watan jiya na tarar da su ba sa kiɗa, sun baje takarda kan sifika suna gardama. Wani ɗalibin lauya cikin masu zuwa kallonsu ne ya ba su shawarar su rubuta komai tun kuɗin bai yi yawan da zai raba su ba: wa ke da waƙa, wa ke da sunan ƙungiya in wani ya fita, kashi nawa ne na wanda ya rubuta baiti, nawa ne na wanda ya ƙirƙiro bes ɗin da ake gane waƙar da shi tun kafin a buɗe baki. Mai waƙar ya ce a raba daidai, shida. Mai ganga ya ce a'a, bakwai, kaso ɗaya na asusun kaya, don mai shagon ya aiko cewa zai ƙara haya bayan salla. Mai fiyano, wanda 'yarsa ta fara tafiya yanzu, shi ke riƙe da biro. Ba su gama ba aka ɗauke wuta, tela ya fita tayar da janareto, ya dawo ya ce man da ya rage ba zai wuce na waƙa uku ba, su zaɓa.